Yadda muka ƙarasa maganin tarin fukan Baba bayan an ƙona mana asibiti

Tarin Baba ya fara ne kamar wasa, duk mun ɗauka mura ce ta shigowar sanyi, sai gashi an yi sati uku an shiga na huɗu abu yaƙi ci yaƙi cinyewa, da dare yayi ta haɗa zufa har sai Inna ta tashi ta canja mai riga, ga rama, rigar da ada take kama shi ta koma kamar an rataye ta a ƙusa. Shi kuma mutum ne mai gudun asibiti, in kayi magana yace zai wuce. Ranar da ya tofar da kaki muka ga jini a ciki, ranar ya daina musu.

Ni ce babba a mata. Yayanmu namiji yana nan, amma lokacin an riga an kai inda namiji mai jini a jika baya son hawa hanya, mutanen daji (haka muke ce musu, ko a cikin ɗaki ba'a kama sunansu) in sun tare mota shi suke fara saukewa, a shingen jami'an tsaro ma shi ake fara cewa koma gefe. Dan haka duk zirga-zirgar asibiti kaina ta faɗo.

Asibitin namu ƙarami ne, ɗaki huɗu da baranda da firij mai sola. Mutum uku ke riƙe da shi, Sista mai karɓar haihuwa, da wani yaro mai rigakafi, da Malam wanda ke kula da masu tarin fuka. Malam ya bamu ɗan kofin roba mai murfi yace Baba ya fita inda iska ke kaɗawa, ya ja numfashi sosai sannan ya kakaro daga ƙirji, banda yawu. Aka ba mai babur ya kai babban asibiti inda injin gwaji yake, kwana uku sakamako ya dawo, tarin fuka ne. Aka ɗora shi a sikeli, kilo 46. Aka mai gwajin HIV dan duk mai tarin fuka sai an mai, babu. Sannan Malam ya jawo dogon littafin rajista ya rubuta sunansa, ya ciro wani kati mai ƙananan gidaje kamar kalanda ya miƙo min.

Har yanzu ina jin muryarsa. Yace "Baba, maganin nan kyauta ne, amma yana da sharaɗi ɗaya, ba'a tsallake rana." Kwana 168 ne. Na farko kwana 56 na magani huɗu da aka haɗe cikin ƙwaya ɗaya, rifamfisin da isoniyazid da firazinamid da etambutol, ƙwaya uku kullum da sassafe kafin a ci komai tunda da nauyin mutum ake aunawa, bayan nan sai kwana 112 na magani biyu. Yace fitsari zai koma ja kar mu tsorata, aikin rifamfisin ne. Sai ya kalli Baba yace "sati biyu uku za ka ji garau kamar ka warke, to nan ake faɗawa rami, ƙwayar cutar bata mutu ba laɓewa tayi, in ka saki magani ta dawo ba lallai ta dawo yadda ta tafi ba." Ni aka rubuta mai sa ido, in tsaya sai naga ya haɗiye in sa alama a gidan ranar.

Kafin wata ɗaya zufar ta ɗauke, jinin ya tsaya, Baba ya fara neman abinci da kansa har yana fita ƙofar gida. Saboda yanayin da ake ciki Malam na bamu na sati biyu-biyu ne.

Daren rana ta 38 mutanen daji suka shigo.

Ba zan tsaya ba da labarin daren ba, duk wanda ya taɓa kwanciya a ƙasa ya danne bakin yaro da tafin hannu dan kar yayi kuka ya san shi. Asibiti suka fara nufa. Sun kwashe magani da batiran sola, sun tambayi gidan ma'aikata, dan suma suna da masu rauni a daji kuma in suka kama ma'aikacin lafiya tafiya suke da shi ya dinga musu ɗinki da allura. Allah ya sa wani ya riga su, Malam da Sista suka haura katanga. Da suka rasa su sai suka cinna wa ginin wuta. Da safe na je, ina sa ran ko kwalin Baba ya tsira, dan kowane majinyaci da kwalinsa na wata shidan gaba ɗaya da sunansa a jiki. Firij ɗin yana kwance a baranda a buɗe, ƙananan kwalaben rigakafi sun watse ana takawa suna ƙaras-ƙaras, littafin rajista ya zama toka sai gefen bangonsa. Babu kwali ko ɗaya.

Na dawo gida na ƙirga abinda ya rage, ƙwaya 12, na kwana huɗu. Baba yace "uwata, ki dinga bani ɗaya-ɗaya mana, kinga sai ya kai mu kwana 12, kafin nan ƙila an buɗe hanya." Wallahi na kusa yarda, sai na tuna Malam ya taɓa yi wa wani faɗa a gabana yace rage magani baya kashe ƙwayar cutar, koya mata juriya yake. Na bashi uku-uku. Rana ta 42 na sa alama ta ƙarshe, daga nan gidajen katin suka ci gaba fari tas.

Mutane na tambayata me yasa baku tafi wani asibitin ba kawai. Wanda bai zauna a irin wurin ba ba zai gane yadda gari ke rufewa ba. Hanya ɗaya ce mai kwalta, an binne abin fashewa a kanta mota biyu sun taka, direbobi suka ajiye. Babur da shi ake kai kaki da mai naƙuda da komai, hukuma ta hana hawansa dan da shi mutanen daji ke yawo. Mai a jarka an hana. Sabis ya ɗauke, wasu suce su suka ƙona turken wasu suce hukuma ce ta kashe, mu dai waya ta koma fitila kawai. Ƙarfe shida kowa ya shige, in aka ganka a waje harbi ne kafin tambaya. Gona in ta wuce inda ido ke hangowa daga bakin gari to ba taka bace, ga amfani ya nuna ana kallonsa daga nesa. Kasuwa ta mutu, makaranta an rufe. Maganin tarin fuka kuma ba farasitamol bane da za ka samu a hannun kowa, ta hannun gwamnati yake zuwa da rajista da lissafi.

A cikin satittikan nan maƙociyarmu ta haihu. Naƙuda ta kama ta da dare, ba Sista ba fita, tsofaffi suka karɓa, yaro ya faɗo lafiya sai jini ya ɓalle. Ana ta canja zannuwa, ina riƙe da fitilar waya, tana cewa a bata ruwa, tana cewa sanyi take ji. Akwai wata allura da Sista ke yi wa duk wadda ta haihu nan take dan mahaifa ta tsuke, oksitosin, a firij ake ajiye ta, firij ɗin nan da na gani kwance a baranda. Kafin asuba ta cika. Ba wanda ya harbe ta, ba'a faɗe ta a rediyo ba, in ana lissafin waɗanda rikici ya ci babu ita a ciki, amma ni da na riƙe fitila na san abinda ya kashe ta. Daga baya na ci karo da rahoton hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya (UNDP) na 2021 akan rikicin arewa maso gabashin Najeriya, sun ƙiyasta zuwa ƙarshen 2020 mutum kusan 350,000 suka mutu, amma 314,000 daga ciki ba makami ne ya kashe su kai tsaye ba, yunwa ce da cuta da rashin asibiti, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Wato duk mutum ɗaya da makami ya kashe, akwai kusan tara da suka yi irin tafiyar maƙociyarmu. Na ajiye wayar na daɗe zaune.

Sati biyun farko bayan magani ya ƙare Baba ƙalau yake, har yana cewa ƙila ma ya warke. Sati na huɗu tari ya dawo, na biyar zufa, na shida jini, kuma ya fi na farko yawa. Ga 'yar Yaya mai shekara uku bata da wurin zama sai cinyar kakanta. Da aka ce sojoji za su fara raka motoci nace ko me zai faru da mu za'a tafi. Yaya ya tsaya tsaron gida, matarsa da yara biyu suka biyo mu.

Ita ma kwambar, wato ayarin motocin da sojoji ke rakawa, aiki ce. Ka rubuta suna a baka lamba, kullum da asuba ku fito bakin gari da kayanku ku zauna, sai rana ta take wani ya zo yace yau babu rakiya ku dawo gobe. Kwana 11 muna haka, ina shimfiɗa wa Baba tabarma nesa da mutane. Ranar da aka tashi, tafiyar da ada awa biyu ce mun yi ta daga hantsi har duhu, motar gaba na tafiyar hawainiya ana duba ƙasa. A bayan babbar mota muke a cunkushe, na ɗaure wa Baba ɗankwalina a baki da hanci, duk sanda yayi tari sai inga mata suna jan yaransu kuma ba inda za su matsa. A kowane shinge sai kowa ya sauka ya ɗaga hannu ya taka da ƙafa, Baba baya iyawa, wani soja ya daka min tsawa me yasa tsohon nan bai sauko ba, hannuna na rawa na kwance ledar da na ɗaure a ƙugu na miƙa mai katin. Ya duba ya duba, ya ja baya taku biyu, yace ku wuce Allah ya bashi lafiya.

Makaranta ce sansanin da aka sauke mu, aji ɗaya iyali bakwai takwas, tagogi an toshe da buhu saboda sanyi da sauro. Ni kuma na riga na san tarin fuka ta iska yake tafiya, ɗaki rufaffe cike da masu yunwa shine gonarsa. Na kwana ina tunani in faɗa ko in ɓoye, da safe na samu shugaban sansanin na gaya mai gaskiya, aka ba Baba lungun baranda. Wata mata ta zage ni tas wai mun kawo musu annoba, kuma har yau bana ganin laifinta, yara huɗu gareta ta riga ta binne ɗaya a hanya. Akwai tantin wata ƙungiyar agaji suna ƙoƙari sosai, amma zazzaɓin cizon sauro da gudawa da tamowa suke dubawa, sai takarda suka bamu zuwa babban asibiti. Can kuma kwana shida kafin layi ya zo kanmu, dan asibitin da aka gina wa gari ɗaya yanzu shi ke ɗauke da duk garuruwan da aka kora.

Sistar ɗakin masu tarin fuka ta karɓi katin, ta sa yatsa akan alamar ƙarshe, ta juya ta kalli kalandar bango tana ƙirgawa bakinta na motsi. Kwana 67. Tace abin yana da mataki, in ƙasa da wata ɗaya mutum ya tsaya sai ya ɗora a ƙara mai kwanakin da ya rasa, in tsakanin wata ɗaya da biyu ne a sake gwada kaki a gani, amma in ya kai wata biyu cur to an ɗauke shi a wanda ya ɓace, sai sabon lale daga rana ta ɗaya. Sati ɗaya kacal muka haura. Kwana 11 ɗin da muka yi zaman jiran rakiya ya faɗo min a rai. Baba ya juyo yace "uwata, wato kwana 42 ɗin can sun tafi a banza kenan?" Nace a'a Baba, su suka riƙe ka har muka iso. Na fita bayan tankin ruwa nayi kukan da ban yi ba tun daren da aka shigo.

Akwai abinda ya fi sake farawar tayar min da hankali. Wanda ya sha magani ya saki, ana tsoron ƙwayar cutar ta zama mai taurin kai, rifamfisin ya daina cinta. Injin GeneXpert ke nuna wannan, tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi, kuma cikin awa biyu yake ba da amsa. Injin yana nan na ganshi da idona an lulluɓe shi da zani, amma 'yan robobin da ake zuba kakin a zura mai sun ƙare, sababbin suna cikin wata mota da ita ma take jiran rakiya a wani garin. Sai aka duba da madubin likita aka ga ƙwayoyin birjik, aka auna shi kilo 41, likita yace ba za'a zauna jira ba, a mayar da shi kan maganin farko in robobi sun iso a gwada. Gwajin awa biyu, kwana 16 muka jira shi.

A kwanakin ne na san wani bawan Allah da ke zama a ƙarshen benci, in an kira sunansa sai matarsa ta taɓa shi. Ashe shi ma gudu ne ya katse mai magani har sau biyu shekarun baya, nasa ya zama mai taurin kan, aka sa shi a tsohon tsarin nan na wata 18 zuwa 20 mai allura ta watanni, allurar ta cinye mai ji. Sista tace a 2022 an fitar da tsarin wata shida na ƙwayoyi zalla babu allura, amma kafin ya iso inda hanya ke rufe sai a hankali. Ina kallon mutumin ina kallon Baba, abinci baya wuce min. Ranar da sakamako ya fito Sista ta ɗago takardar tun daga nesa tace "ƙanwata, maganin yana cinta." A wurin na durƙusa.

Daga nan aka duba 'yan gida. Ni da Inna babu komai. 'Yar Yaya bata nuna alama ba amma tunda bata kai shekara biyar ba aka ɗora ta kan maganin kariya, ƙwaya mai narkewa a ruwa. Ƙaninta na goye kuma aka ga allurar ƙyandar wata tara ta wuce shi, aka mai a take, bayan sati kaɗan ƙyanda ta shiga sansanin ta ɗauki yara biyu a ajin da ke kusa da namu. Haka abin yake ko ina, in bindiga ta kori mai rigakafi cutar da aka kusa mantawa da ita sai ta ɗago kai. Siriya rabonta da shan inna tun 1999, a 2013 ya dawo ana tsakiyar yaƙi. Najeriya ta shekara biyu ba'a gani ba, a Agusta 2016 aka gano shi a Borno inda masu rigakafi suka daɗe basu iya shiga ba. Tarin fuka nashi ya fi shiru, a 2023 kaɗai ya kashe mutum kusan miliyan ɗaya da dubu 250 a duniya, alhali magungunan nan sun fi shekara 50 da samuwa. Maganin yana nan, a samu safiya 168 a jere ba'a kore ka daga gidanka ba shine wuyar.

Wata rana layi ya ragu muka zauna hira da Sista, ashe ita ma gudowa tayi, abokiyar aikinta an tafi da ita har yau babu labari. Ita ta fara gaya min akwai dokar duniya da ta hana taɓa asibiti da ma'aikacin lafiya ko a tsakiyar yaƙi, yarjejeniyar Jeniba ta 1949, kuma a Mayu 2016 Kwamitin Sulhu ya jaddada ta da ƙuduri mai lamba 2286, watanni bayan jirgin yaƙin Amurka ya yi wa asibitin ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ruwan wuta a Kunduz ta Afganistan mutum 42 suka mutu. Duk da ƙudurin, a Afrilu 2019 'yan bindiga suka shiga asibiti a Butembo ta Kwango suka kashe Dakta Richard Mouzoko, likita ɗan Kamaru da ya je yaƙi da Ebola. Ni dai abinda na gani da idona, mutanen daji ne suka ƙona mana asibiti, wannan ba gardama. Amma dokokin da aka sa dan a matse su mu suka fi matsewa, na ga dattijon da aka tsare yini guda a shinge saboda maganin matarsa yayi yawa a jakarsa ana zargin daji zai kai, na ga asibitin ƙauye a hanya an jera buhunan yashi a ƙofar ɗakin haihuwa an mayar da shi masaukin masu tsaro. Raina yana ɓaci in na tuna.

Karo na biyu ban yarda na zauna hannu rabbana ba. Duk sati sai na ɗauki hoton katin gaba da baya na tura wa wata 'yar uwarmu da ke nesa, na rubuta sunayen magungunan da ranar farawa a takarda na ɗinke a aljihun rigar Baba. Na roƙi Sista ta bamu na wata ɗaya mu ajiye ko za'a sake gudu, tace sito babu yawa, in ta bamu wani zai rasa. Na ci gaba da naci, nace mata ai a Sudan ta Kudu da Afirka ta Tsakiya MSF na haɗa wa majinyata irin wannan ƙunshin na gudu, mu me ya raba mu da su. Da kaya suka iso ta kira ni gefe ta bani, likita ya rubuta takarda ya buga hatimi saboda shinge. A wata na huɗu aka kawo hari gefen garin asibiti ya rufe kwana tara, wasu da muke layi tare sun tsallake, Baba bai rasa ko safiya ɗaya ba.

Sauran wahalar ta yau da gobe ce. In sauƙi ya fara zuwa ciki buɗewa yake, ga rabon abinci sai an yi sa'a ya kai ƙarshen wata, na sha kama Inna tana juye nata a kwanonsa tace wai ta ƙoshi. Tafin ƙafarsa ya dinga zafi kamar ana tsira mai allura, aka ce isoniyazid ne, aka ƙara mai bitamin B6 ya lafa. Ƙarshen wata biyu aka gwada kaki babu ƙwayar cuta, aka mayar da shi kan magani biyu. Wata na biyar babu, na shida babu. Ranar alama ta 168 biron yaƙi rubutu sai da na goga shi a tafin hannu, Sista ta ja layi a rajista ta rubuta ya warke. In aka haɗa da na farko da tazarar, kwana 277 kenan, wata tara akan jinyar wata shida. Kilo 53 ya tashi da shi.

Ya warke ɗin, amma hoton ƙirji ya nuna huhun dama yayi tabo, likita yace a kwana 67 ɗin nan cutar ta samu sarari tayi ɓarna, kuma tabon baya gogewa. In ya ɗauko bokitin ruwa daga famfo sai ya huta sau biyu a hanya, mutumin da ada yake wuni a gona.

Watan da ya wuce wata baƙuwar lamba ta kira ni, ina ɗauka naji "salamu alaikum, Baba ya ƙarasa kuwa?" ko gaisawa bamu yi ba. Malam ne. Ashe daren da ya haura katanga babu abinda ya ɗauka sai ɗan littafin aljihu da yake kwafar sunayen majinyatansa da lambobin waya, dan ya daɗe jikinsa na bashi za'a zo. Yana wani gari mai nisa yanzu, tun da sabis ya dawo yake bin su ɗaya bayan ɗaya. Mutum 14 ne a littafin. Har da Baba shida sun ƙarasa, uku sun rasu, ɗaya nata ya zama mai taurin kai tana kan magani, huɗu bai samu labarinsu ba. Ya karanto min sunaye biyu da aka ce mai an gani a sansaninmu. Ɗayar na same ta a aji na ƙarshe, bata daɗe da isowa ba, tana tari tana shayar da jariri, katinta ya ƙone tare da ɗakinta kuma ta ɗauka tunda babu kati ba za'a karɓe ta ba shi yasa bata je ba. Na raka ta wurin Sista, ta ba da kaki, wannan karon akwai robobin gwaji. Ɗayan saurayi ne dogo, na zaga aji-aji har sau biyu ina tambaya, wasu sunce ya bi kwamba ya koma duba gonarsu, wasu sunce basu taɓa ganinsa ba. Na bar lambata wurin shugaban sansanin da wurin masu tanti ko zai ɓullo.